Kyanwar Gida Ta Fara Sanƙo: Abin Dubawa Kafin A Ɗauko Magani

A Azarori, da sauran garuruwan da ke tsakanin Madawa da Buza da Keita, ba don ado ake ajiye kyanwa ba. Ma'aikaciya ce. Damman gero suna cikin rumbu, wake yana cikin buhu, ɓera kuwa bai san hutun dare ba. Cinikin nan tsakaninmu da ita daɗaɗɗe ne: kimanin shekara 10,000 ke nan tun da manoman farko na Gabas ta Tsakiya suka fara tara hatsi, ɓera ya biyo hatsin, muzurun daji ya biyo ɓeran, ya ga wuri ya zauna. Ita ta tsare rumbu, mu kuma mu bar mata inuwa da ruwa. Amma ran da ta yi ciwo ba ta da gata irin na tunkiya da akuya, don ba a kai ta kasuwa.

Bara da kaka na je gaida gwaggona, na tarar da ita tsaye a kan kyanwarta, wadda gashinta ya tsige tun daga tsakiyar gadon baya har gindin wutsiya.

"Ɗana, zo ka gane mini mussag ga," in ji ta. "Mi as same ta? Kamar wanzami ya bi ta cikin dare."

Kafin in buɗe baki sai ga jikanta da ragowar maganin kaska na tumaki a kwalba, yana girgizawa. Da na makara kaɗan, da an yi mata wankan da ba za ta tashi ba. A iya abin da na gani a gidajenmu, zubar gashi ba ta cika kashe kyanwa ba. Maganin gaggawa ne ke kashe ta.

1. Ku fara da ido da yatsa

Ku ɗauke ta zuwa hasken rana, ku shafa wurin da tafin hannu. In kun ji tsini-tsini kamar gemun da aka aske shekaranjiya, gashin ba zuba ya yi da kansa ba, ita ce ta karya shi da lasa da cizo. Harshen kyanwa kaushi gare shi kamar magagari, kuma ta fi yin wannan aiki da dare ko a ɓoye, shi ya sa mutanen gida kan rantse ba su taɓa ganin tana susa ba. Irin wannan alamar ƙaiƙayi ce ko ciwo. In kuwa fatar sumul take, kuma da an ɗan ja gashin gefe sai ya biyo hannu, to matsalar daga tushen gashin take.

Sannan ku lura da wurin. Gadon baya da gindin wutsiya da bayan cinyoyi, ku zargi ƙuma. Bakin kunne da fuska da wuya masu ɓamɓaroki, ku zargi ƙazuwa. Da'ira kamar an ɗora kwabo, ku zargi makero. Wuri ɗaya mai kumburi da zafi, faɗa ne ko ƙuna.

Akwai kuma wanda ba ciwo ba ne. Kowace kyanwa tana da ƙarancin gashi tsakanin ido da kunne, an fi ganinsa a jikin baƙa, halitta ce. Haka in zafin bazara ya kunno kai takan sauke gashin hunturu, a gan shi a tabarma da zane, amma jikin ba ya nuna fata. Wannan ba ya son komai sai taza.

2. Ƙuma ce kan gaba, ko da ba ku gan ta ba

A nan aka fi gardama. "Mun duba, babu ko ɗaya." To, kyanwa ta riga ku dubawa, ta haɗiye su. Ga gwajin da ba ya cin ko dala: ku jiƙa farin ƙyalle, ku tsayar da ita a kai, ku taje bayanta. Baƙin garin da ya zubo, in ya narke ya koma ja, kashin ƙuma ne, wato jinin kyanwar ne da aka sha aka kasayar. Ƙasa ko toka ba sa yin ja.

Wata kyanwar za ta ɗauki ƙuma da yawa ba ta damu ba, wata kuma jikinta ba ya shiri da yawun ƙumar, cizo kaɗan ya isa ta tsige bayanta. Irin wannan ce za ku ji ƙananan ƙuraje masu ɓawo a wuyanta da bayanta, kamar an watsa tsabar gero a ƙarƙashin gashin. Likitocin Turai ma da gero suka kwatanta su, sunan da suka ba ciwon daga kalmar gero ta Latin ya fito. Ta gwaggona ke nan.

Abin da ke sa a yi magani a ga kamar ba a yi ba shi ne, ƙumar da ke jikin dabba 'yar kaɗan ce cikin rundunar. Tamata guda tana iya zuba ƙwai har 50 a yini, ƙwan kuma ba ya manne wa gashi, gangarowa yake yi ƙasa duk inda kyanwa ta kwanta. In akwai ɗumi da danshi, cikin mako 2 zuwa 3 ƙwai ya zama sabuwar ƙuma. Tsutsarta ba ta jure bushewa, don haka iskar hunturu da ranar bazara suna rage mana aiki a tsakar gida. Maɓoyarta ita ce gindin randa, ƙarƙashin gado, tarin tsummoki, da turken 'yan awaki inda fitsari ke jiƙa ƙasa. Gidajen da ke bakin lambuna a fadamar Tarka ko Majiya sun fi daɗewa da ita bayan damina. Kuma ƙumar kyanwa ba ta zaɓe: tana hawa 'yan awaki da 'yan tumaki, tana cizon ƙafafun yara. A gidan gwaggona daga turke ta fito.

Don haka aiki biyu ne. Na jikin dabba: taza kullum da mataji mai ƙananan haƙora, ana tsoma shi cikin ruwan sabulu, sai maganin ƙuma da aka yi musamman don kyanwa, irin mai sinadarin fifronil ko selamaktin da ake ɗigawa a ƙeya sau ɗaya a wata, in an same shi a kantin magungunan dabbobi. Na gida: a share makwancinta da gindin randa kullum a ƙone sharar, a wanke tsummokin da ruwan zafi a shanya a tsakiyar rana, a kwashe takin turke a zuba busasshen rairayi. A yi haka wata 3 a jere, don wadda ke cikin kwanso tana iya jira watanni kafin ta fito.

Abu biyu na biyo ƙuma. In kun ga wani abu kamar tsabar shinkafa manne a gindin wutsiya, gaɓoɓin tsutsar ciki ne da take samu ta haɗiyar ƙuma, a nemi maganin tsutsa. 'Yan jarirai kuma ƙuma na iya shanye musu jini. Ku ɗaga leɓe ku duba dasashi, in ya yi fari fat, abin ya kai ga gaggawa.

3. Ku leƙa akurki

Akwai wata ƙuma ƙarama da ke kafewa a zankon kaza da kewayen idonta, ba ta tsalle da zarar ta kama wuri. Kyanwar da ke kwana kusa da kaji takan kwaso ta a gefen kunne da kewayen ido da tsakanin yatsu, a ga baƙaƙen ɗigo a jere kamar an yi ɗinki, gashin wurin ya kakkaɓe. Wannan a shafa wa ƙumar ɗan man baselin ya toshe numfashinta, bayan an jima a cire da hantsaki, sannan a koma kan akurkin, don can ne gidanta.

Kwarkwata ma na kama kyanwa, musamman ramammiya ko tsohuwa wadda ta daina gyara jikinta. Ƙwanta fari ne, manne da gashi, ba ya karkaɗuwa kamar amosani. Ba ta komawa kan mutum, tamu ma ba ta komawa kanta, kada a ɗora mata laifin kwarkwatar yara.

4. Ƙazuwa daga kunne take farawa

Duk makiyayi ya san ƙazuwar awaki da ta raƙuma. Kyanwa ma tana da tata. Ƙwaro ne ƙanƙane da ido ba ya gani, yana haƙa rami cikin fata yana ƙwai. Yakan fara daga bakin kunne, ya gangaro goshi da fatar ido da wuya, daga baya ya kai ƙafafu saboda da su take wanke fuska. Fatar ta yi kauri, ta yi tamoji, ta rufe da ɓamɓaroki ruwan toka, kyanwa matashiya ta koma kamar tsohuwa. Susar ba ta barin ta barci. In an ƙyale, ido ya manne, ta kasa farauta, yunwa ta ƙarasa ta.

Tana yaɗuwa tsakanin kyanwoyi da sauri, don haka duk na gidan ake yi wa magani tare. Mutumin da ke rungumar ta yakan samu ƙaiƙayi a hannu da ƙirji, amma ƙwaron ba ya zama a jikin ɗan Adam, da an warkar da dabbar sai ya wuce.

Maganinta sananne ne, ibamaktin, wanda makiyaya suka fi sani da Ivomec. A nan ne kuma hatsarin yake, don kusan kowane gida mai dabbobi akwai mai ganin ya iya allura. Ku yi lissafi: ruwan allurar shanu ana ba da mililita 1 ga kowane kilo 50. Kyanwar gida ba ta cika wuce kilo 3 ba. Rabonta bai kai kashi ɗaya cikin goma na mililita ba, abin da babban sirinjin shanu ba zai iya aunawa ba. In aka zarce, sai makanta da tangaɗi da suma, 'yan ƙanana kuma sun fi saurin faɗuwa. Wannan allura ta malamin dabbobi ce, da ƙaramin sirinji, kuma ana maimaitawa bayan kwana 14 saboda ƙwan da bai ƙyanƙyashe ba.

In kuwa cikin kunnen ne ya cika da baƙin datti kamar garin gawayi, tana kaɗa kai, bayan kunnen ya tsige saboda yaƙushi, wani ƙwaron ne dabam mai zama cikin ramin kunne. A goge iya inda yatsa ya kai da auduga da ɗan man gyaɗa mai tsabta. Kada a tura tsinke. Maganin ƙazuwar yana kashe shi.

5. Makero: nan ne maganar ta shafi yara

Wannan shi ne wanda na fi so iyaye mata su karanta da kyau. Makero ba ƙwaro ba ne, dangin funfuna ne da ke cin gashi da saman fata. A jikin kyanwa yakan fito a fuska, kunne, ƙafafun gaba ko wutsiya, wuri zagayayye mai ɗan gari-gari, gashin ya kakkarye. Sau da yawa ba ya ƙaiƙayi sosai, shi ya sa ake raina shi. 'Yan ƙanana ya fi kamawa, su ne kuma yara suka fi ɗauka su goya, su kwana da su. Bayan mako 1 zuwa 3 sai a ga jan zobe a hannun yaro ko wuyansa, ko gashin kansa ya ɓare wuri guda.

Sai dai a yi wa kyanwa adalci. Yawancin makeron da ke kan yara a ƙasashenmu na Afirka ta Yamma daga mutum zuwa mutum yake tafiya, ta askar da ba a tsabtace ba, da hula, da mataji, da matashin kai. Maruƙa ma suna da nasu. In yaro ya fito da shi alhali kyanwar gida gashinta luf, a fara tambayar inda aka yi masa aski kafin a kore ta. Ana kuma samun kyanwar da ke ɗauke da shi ba alama, don haka in ya ƙi barin gida, a sa malamin dabbobi ya duba ta.

Lafiyayyar kyanwa takan warke da kanta cikin kamar wata 3, amma duk tsawon lokacin tana watsa iri. Irin nan yana maƙale a gashin da ya zuba, yana iya rayuwa a ɗaki har wata 18. Saboda haka:

A keɓe ta wuri guda mai sauƙin shara, ba ɗakin kwanan yara ba, kuma a ci gaba da ba ta ci da sha. Hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha yana cikin Buhari da Muslim, ba sai an tuna wa kowa ba. A tattara gashin da ya zuba da jiƙaƙƙen tsumma a ƙone, don busasshiyar tsintsiya tayar da shi take yi. A wanke zannuwa sau biyu da sabulu a shanya a rana. Daɓen siminti da kwanonta a wanke da sabulu tukuna, sannan a bi da ruwan jabel, wanda a Najeriya ake ce wa bilic, ma'auni 1 cikin ma'auni 10 na ruwa, a bari ya bushe kafin ta taka. Wanda ya taɓa ta ya wanke hannu.

Maganin sha na kyanwar malamin dabbobi ne zai auna. A gaya masa in tana da ciki, don girizofulbin, wanda aka fi samu a wurarenmu, yana nakasa 'ya'yan da ke ciki. Yaro kuwa, in a jiki ne man shafawa na asibiti yakan isa. In a kai ne man shafawa kaɗai ba ya kai wa tushen gashi, sai an haɗa da ƙwaya ta makonni. A kai shi likita, a daina goga masa tafarnuwa da ruwan batir.

6. Kyanwa ba ƙaramar akuya ba ce

Hantar kyanwa ba ta iya narkar da sinadarai da yawa waɗanda jikin kare da akuya da mutum ke fitarwa ba wahala. Ƙari a kan haka, duk abin da aka shafa mata sai ta lashe. Shafawa a wurinta daidai take da ɗurawa. Ga abubuwan da na ga ana ɗaukowa, waɗanda bai kamata su kusance ta ba:

Maganin kaska da na feshin dabbobi, da garin kashe ƙwari na leda da ake barbaɗawa a ɗaki. Da yawansu suna ɗauke da farmetirin ko danginsa, a jikin ledar za ku ga an rubuta perméthrine, ko wani suna mai ƙarewa kamar haka. Ko maganin ƙuma na kare mai wannan sinadari yana kashe kyanwa. Sai fiya-fiya, da maganin feshin albasa da na wake, waɗanda ba sa wuyar samu a ƙasar da kowa ke lambu. Sai baƙin man inji da kananzir da ake shafa wa ƙazuwa: suna ƙona fata, suna lalata ciki da huhu. Sai girezil da Dettol da duk ruwan wanke ciwo da ke yin fari in an zuba shi a ruwa. Sai farasitamol: ƙwaya ɗaya ta manya ta isa ta kashe ta, fuska ta kumbura, dasashi ya yi duhu.

Bedi, wato dogon yaro, fa? Tun da aka fara dasa layukan dogon yaro don tare iska a kwarin Majiya a 1975, itacen nan ya zama kantin maganin kowa a yankin Buza. A dafa ganyen a wanke tsumma da makwanci, ba laifi. Amma man 'ya'yansa kada ya hau jikinta, an sha samun kyanwoyin da ya sa wa karkarwa da jijjiga.

In an riga an yi kuskuren, za a gani cikin sa'o'i kaɗan: dalala, rawar kunne da fata, tangaɗi, jijjiga. A yi maza a wanke ta da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulun wanke kwanoni, a ɗauraye sosai, a tsane ta a naɗe cikin zane. Ban da ruwan zafi, don yana ƙara shigar da dafin cikin fata. Kada a ɗura mata madara ko manja tana cikin jijjiga, shaƙewa za ta yi. A ɗauki kwalbar ko ledar a tafi da ita wurin malamin dabbobi.

7. Tuwo ba ya tsirar da gashi

Gashi kusan dukkansa furotin ne, kyanwa kuwa halittar cin nama ce zalla. A gidajenmu ana zuba mata ragowar tuwo da fura a ce sauran ta nema da kanta. In ɓera da ƙadangare da fara suna nan, lissafin yana fita. Amma ƙarshen rani, rumbu ya yi ƙasa, ɓera ya ragu, sai ka ga gashinta ya dushe, ya yi ja-ja, yana karyewa, ƙashin baya ya fito. Irin wannan ce kuma ƙazuwa da makero suka fi samun galaba a kanta.

Ba sai an sayo abincin gwangwani ba. Dafaffen ƙwai, kan busasshen kifi da aka jiƙa aka rage masa gishiri, 'yan yanke-yanken da mahauci ke zubarwa, kayan cikin kaza a dafe, fara wadda ba a yi wa feshi ba kuma ba a sa mata yaji ba. Hanta kaɗan-kaɗan, ba kullum ba, yawanta na sandarar da ƙashin wuya. Ɗanyar madara kuwa, duk da son da take mata, tana sa manya da yawa zawo.

Ga wata magana ta musamman ga mu mutanen ƙasar albasa. Daga Galmi zuwa Madawa babu miyar da ba ta ji albasa ko gabu ba, ga rudu cike a bayan gida. Albasa da tafarnuwa suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa, ɗanyu ne ko dafaffu ko busassu. Kimanin giram 5 ga kowane kilo na nauyinta ya isa ya fara taɓa jinin, wato yanki guda na matsakaiciyar albasa. Don haka a cire mata nata naman kafin a haɗa miya. Kilishi da tsire ma, saboda kayan haɗinsu, ba nata ba ne.

8. Mai jego a yi mata uzuri

Cikin kyanwa kwana 63 ne zuwa 65. Tana shayarwa tana bukatar ninki 2 ko 3 na abincinta. Wata 1 zuwa 3 bayan haihuwa, ko bayan wata doguwar jinya, gashi kan zuba da yawa lokaci guda, ba susa ba ƙurji, kamar yadda yake yi wa mata bayan arba'in. Kewayen nonon ma yakan tsige saboda tsotso. Abinci ne maganinsa, zai dawo da kansa.

9. Murhu, muzuru, karangiya da igiya

Waɗannan ba cuta ba ne, rauni ne, kuma kowanne da lokacinsa. Da hunturu kyanwa na bin ɗumin murhu ta kwanta cikin toka, garwashin da ke ƙasa ya babbake mata gefe ko tafin ƙafa. Wata kuma ruwan zafi ko talge ne ya fallatsar mata. In yanzu abin ya faru, a kwarara ruwan randa a wurin na minti 10 ko fiye. In ƙunar ta yi zurfi gashin ba zai sake fitowa ba, tabo ne, kada a wahalar da ita da shafe-shafe.

Muzurun da ke yawon dare yakan dawo da cizo a kumatu ko wuya ko gindin wutsiya. Haƙorin kyanwa siriri ne, ramin yakan rufe da wuri ya kulle ƙwayoyin cuta a ciki. Bayan kwana 2 zuwa 4 wurin ya kumbura ya yi zafi, ya fashe da wari, gashin kewaye ya zube. A wanke da ruwan ɗumi rabin lita da ƙaramin cokali 1 na gishiri, safe da yamma, a bar bakin a buɗe ya tsiyaye. In ya daina cin abinci, yana bukatar allura.

Da kaka kuma karangiya ce. Takan dunƙule a hammata da ciki da wutsiya, kyanwa ta yi ta fizga da haƙori har ta tafi da gashin. A cire mata da yamma in ta shigo, wadda ta cukurkuɗe a yanke da almakashi ana sa mataji tsakaninsa da fata. Igiya ko zaren da yara ke ɗaura mata a wuya shi ma yana cin gashi ya bar zobe, kuma yana iya rataye ta a darni. A cire.

10. In ciki da cinyoyi ne suka yi fes

Wani lokaci za a ga cikinta da cikin cinyoyinta sun tsige daidai wa daida hagu da dama, fatar lafiya lau. Lasa ce. Mafi yawan lokuta ƙumar nan ce dai ko wani abin da jikinta ba ya so, don haka a fara da shawara ta 2. Amma kyanwa na lasar inda ke mata ciwo: mai ciwon mafitsara takan lashe mararta. In muzuru yana ta tsugunawa yana kuka fitsari ba ya fita, wannan ba ya kwana, toshewa ce mai kisa cikin kwana 2 ko 3. Sai an kawar da duk waɗannan ake maganar damuwa, irin ta sauya gida, ko sabon kare, ko yaran da suka matsa mata. Wannan a ba ta wuri mai tudu inda hannu ba ya kaiwa.

11. Farar kyanwa da tsohuwa

Mai farin kunne ko farin hanci ba ta da garkuwa daga ranar ƙasarmu ta Adar. Bakin kunnen yakan yi ja, gashin ya tafi, ya yi ɓawo, shekara da shekaru ya iya rikiɗa ya zama ciwon daji. A tanadar mata inuwa daga hantsi zuwa la'asar. Gyambon kunne ko hanci da ya wuce wata bai warke ba, a nuna shi. Tsohuwa kuma, in gashinta ya cukurkuɗe, tana ramewa, tana yawan shan ruwa da fitsari, ciwon ba a fata yake ba, daga ciki ne, sau da yawa ƙoda.

12. Yadda ake kai ta, da abin da za a faɗa

Kada kunya ta hana. Na san akwai mai cewa, a bar tumaki a ɗauko mussa a kai wa ma'aikaci? Wanda ya karanci ƙazuwar akuya ya san ta kyanwa, kuma wadda ke tsare abincin shekara ta ci wannan tafiyar. Akwai ma'aikatar kiwo a Madawa da Buza da Keita, akwai likitocin dabbobi masu zaman kansu da mataimakansu da ke zagaya ƙauyuka, ga kuma ayarin rigakafin dabbobi na shekara-shekara da ke zuwa har gida. A tare su a tambaya.

A sa ta cikin kwali mai ƙarfi da aka huda, ko kwando mai murfi da tsumma a ƙasa. Ban da buhun leda da aka ɗaure baki, zafi zai kashe ta a kan babur kafin a isa. A tafi da sassafe. In ɗaukarta ba zai yiwu ba, a ɗauki hoton wurin da waya cikin hasken rana, na kusa da na nesa. A auna ta tun daga gida a sikelin mai shago, tana cikin kwalin, a cire nauyin kwalin, don da nauyi ake auna magani. A faɗi yaushe abin ya fara, ko tana susa, ko tana da ciki ko goyo, ko wani a gidan ya fito da ƙuraje, da kuma duk abin da aka riga aka shafa mata, ko da abin kunya ne.

Mai ciwo tana iya cizo in an taɓa wurin. A naɗe ta da zane, kai kaɗai a waje. In ta ciji wani ko ta yaƙushe shi har jini, a wanke da sabulu da ruwa mai gudana minti 15, a je likita a ranar, musamman in baƙuwa ce ko halinta ya sauya ba dalili, don ciwon haukan kare yana kama kyanwa ita ma.

Gashi ba ya gaggawa. Ko an dace da magani, sai an yi mako 4 zuwa 6 kafin a ga wurin ya fara rufewa. Ta gwaggona sai da aka kwashe takin turke sau uku. Da na koma da sanyi na tarar da ita kwance a kan rumbu, bayan ya cike.

"Ka gane ta nan," in ji gwaggo. "Sai dai yanzu ta raina tuwo. Kai ka koya mata ƙwai, kai za ka riƙa aiko kuɗinsa."